Zaren Gilashin da Ke Ɗauke da Madubin LIGO: Yadda Ake Yin Sa da Yadda Ake Kyautata Shi

Lacca ga malamai da ɗaliban kimiyya da injiniyanci

 

Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kansa yau ƙarami ne a ido: zaren gilashi mai tsawon santimita 60 da kaurin milimita 0.4. Guda huɗu irinsa ne ke ɗauke da madubi mai nauyin kilo 40 a cikin na'urorin LIGO na Amurka, waɗanda suka fara jiyo taguwar nauyi daga sararin samaniya. In ana ba da labarin wannan nasara, akan ambaci Einstein da baƙaƙen ramuka da kyautar Nobel, a wuce zaren ko waiwaye babu. Ni kuwa so nake in nuna muku cewa iyakar jin waɗannan na'urori, musamman ta fuskar motsi mai jinkiri, a wuyan wannan zare take rataye, kuma manyan na'urorin da ake shirin ginawa duk jiran kyautatuwarsa suke yi.

Abin da ake aunawa

A 1916 Albert Einstein ya nuna da lissafi cewa idan manyan jikkuna suka kewaya juna da sauri, sukan girgiza sarari da kansa, girgizar ta bazu da gudun haske. Duk inda ta ratsa, tazarar da ke tsakanin abubuwa takan miƙe ta wani gefe ta tsuke ta ɗaya gefen, sannan ta juya. Ita ce taguwar nauyi.

Na'urar LIGO hannu biyu gare ta, kowane bututu ne mai tsawon kilomita 4 da aka zuƙe iskar cikinsa, sun haɗu a kusurwa kamar harafin L. Akan raba hasken leza biyu, kowane kashi ya bi hannu ɗaya, ya yi ta kaiwa da komowa tsakanin madubai biyu, sannan a haɗa su a ga ko wani hannu ya fi wani tsawo. Ranar 14 ga Satumba 2015, na'urar Livingston da ke jihar Louisiana ta ji motsi, bayan kimanin kashi 7 cikin 1000 na daƙiƙa ta Hanford da ke jihar Washington ta ji irinsa. Baƙaƙen ramuka biyu ne, ɗaya ya ninka rana nauyi kusan sau 36, ɗaya sau 29, suka haɗe a nisan da haske ke shafe shekara biliyan 1.3 kafin ya ratsa. Canjin tsawon da aka auna bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin furoton ba, wato ɗan ƙwayar da ke cikin cibiyar atam. An sanar da duniya ranar 11 ga Fabrairu 2016, a 2017 kuma aka ba Rainer Weiss da Barry Barish da Kip Thorne kyautar Nobel.

To wanda zai auna motsi irin wannan, dole madubinsa ya fi haka natsuwa. Abu biyu ne manya ke hana shi natsuwa: rawar ƙasa da rawar zafi.

Maganin rawar ƙasa

Ƙasa ba ta taɓa tsayawa cik. Raƙuman teku suna girgiza nahiyoyi dare da rana, ga motoci, ga iska, a Livingston har saran itatuwan da ake yi a dazukan kewaye ya sha damun masu aikin. Da za a kafe madubin a ƙasa, da rawar ƙasar kawai za a yi ta aunawa.

Kowannenku yana iya gwada maganin a ɗakinsa. Ɗaura dutse a zare, ka riƙe bakin zaren. In ka motsa hannunka a hankali, dutsen zai bi ka. In ka karkaɗa hannun da sauri, sai ka ga dutsen ya kusan tsayawa wuri ɗaya. Ƙa'idar ita ce: idan saurin karkaɗawar ya ninka saurin reton lilon sau 10, abin da ke isa ga dutsen kashi ɗaya ne cikin 100. Idan ka rataya lilo a jikin lilo har hawa huɗu, ragin ya zama kashi ɗaya cikin miliyan 100.

Haka aka yi a LIGO. A sama akwai dandamali mai na'urorin da ke jin rawar ƙasa suna ture ta. Daga nan sai lilo mai hawa huɗu. Hawa biyu na sama na ƙarfe ne, na uku dunƙulen gilashi ne mai kilo 40, dukansu da wayar ƙarfe aka rataye su. Na huɗu shi ne madubin, mai faɗin santimita 34 da kaurin santimita 20, kuma shi kaɗai ne ke rataye da zaren gilashi. Me ya sa hawan ƙarshe ya bambanta? Saboda a nan ne abokin gaba na biyu yake.

Rawar zafi

Duk abin da ke da ɗumi, ƙwayoyin jikinsa rawa suke yi, kuma ba a iya hana su sai an sanyaya shi. Zaren da ke riƙe da madubi shi ma ƙwayoyinsa suna rawa, suna kuma fizgar madubin. Wannan fizga ba daga waje take zuwa ba, don haka ko hawa ɗari aka yi wa lilon ba za ta ragu ba.

Ba a iya kawar da ita, amma ana iya tattara ta wuri guda. A 1951 Herbert Callen da Theodore Welton suka kafa wata ƙa'ida mai cewa yawan rawar zafin da abu ke watsawa daidai yake da yawan ƙarfin motsin da yake shanyewa. Ku ƙwanƙwasa ƙwarya, za ta ce ƙwas ta yi shiru, domin jikinta ya shanye bugun. Ku ƙwanƙwasa tasa, za ta daɗe tana amo da murya ɗaya. Abin da ke da halin ƙwarya, rawar zafinsa a warwatse take, ta cika ko'ina. Mai halin tasa kuwa rawarsa ta taru a kan muryarsa ɗaya tak, sauran fili ya zama shiru. A wannan filin shirun ake sauraren taguwar nauyi. Peter Saulson ne ya fayyace wa masu gina irin waɗannan na'urori wannan lissafi a wata takarda da ya buga a 1990.

LIGO ta farko, wadda ta yi sauraro daga 2002 zuwa 2010 ba ta ji komai ba, madubanta masu kilo 11 da wayar ƙarfe aka rataye su. Ƙarfe yana shanye motsi a jikinsa, ga kuma gogayya a inda wayar ta taɓa madubin da inda aka matse ta. Tun a shekarun 1990 Vladimir Braginsky da mutanensa a Jami'ar Mosko suka nuna cewa tataccen gilashin silika, wato sinadarin da ke cikin rairayi amma babu gauraye, ya fi ƙarfe rashin shanye motsi nesa ba kusa ba, kusan ninki dubu. Masana a Jami'ar Glasgow ta Birtaniya, irin su James Hough da Sheila Rowan da Norna Robertson, su ne suka mai da wannan bincike ya zama kayan aiki. An fara ɗora shi a na'urar GEO600 da ke kusa da Hannover a Jamus, mai hannu na mita 600 da madubai masu kilo 5.6, kafin a kai shi LIGO.

Akwai wani rabo kuma da lilo ke da shi. Abin da ke dawo da lilo tsakiya idan ya karkata jan ƙasa ne, kuma jan ƙasa ba ya shanye komai. Zaren ɗan lanƙwasar da yake yi a bakinsa na sama da na ƙasa ne kaɗai ke jawo asara. In zaren ya ƙara siranta, kason lanƙwasar ya ragu, asarar ta ƙara tsarma. Ga tushen rigimar nan ke nan: kimiyya tana son siriri, nauyin madubi yana son kakkaura.

Yadda ake jan zaren

Za ku ce gilashi ai abu ne mai saurin fashewa. Injiniyan Ingila A. A. Griffith ya amsa wannan tun a 1921: raunin gilashi daga ƙananan tsagun da ke fatarsa yake, waɗanda ido ba ya gani. Idan an ja shi, duk ƙarfin ya taru a bakin tsaga ɗaya, ta buɗe ta ratsa shi. Sabon zaren da babu abin da ya taɓa fatarsa ya fi yawancin ƙarafa jure ja.

Ga yadda aikin yake a ɗakin gwaji. Akan ɗauko sandar silika mai kaurin milimita 3, a goge ta tas, a kafa ta a tsaye tsakanin maƙalai biyu. Hasken lezar kabon dayoksaid, wanda silika ke shanyewa sosai, akan bi da shi ta madubai masu siffar mazurari har ya kewaye sandar ta kowane gefe, ya zafafa ta zuwa kusan digiri 2000. Kafin a ja, sai a fara bin sandar da hasken daga ƙasa zuwa sama a hankali, fatarta ta narke, tsagun da ke jiki su rufe. Sannan mota mai aiki da umarnin kwamfuta ta ja maƙalin sama. In ta ja da sauri zaren ya fito siriri, in ta sassauta ya fito da kauri. A GEO600 da harshen wuta aka ja zaren. An koma leza ne domin ba ta barin datti, kuma zare na ɗari yakan fito kamar na farko.

Daga wannan lokaci babu hannu, babu safar hannu, babu ƙyalle da zai taɓa tsakiyar zaren. Ta kututturen da ya rage a bakunansa biyu ake ɗaukarsa. Akan auna kaurinsa da kyamara daga sama har ƙasa, sannan a rataya masa nauyin da ya fi wanda zai ɗauka a bakin aiki. Wanda ya tsinke ya huta, wanda ya jure ya wuce.

Kowane zare kilo 10 yake ɗauka. In kuka raba da faɗin bakinsa, za ku samu kusan kilo 80 a kan kowace murabba'in milimita, wato kusan megafaskal 800. Zare mai kyau ba ya tsinkewa sai an haura megafaskal 4000.

Siffar zaren ba ɗaya ba ce daga sama zuwa ƙasa. Tsakiyarsa milimita 0.4 ce, amma kusa da bakunansa, inda yake lanƙwasa, an bar shi milimita 0.8. Dalili kuwa, idan zare ya lanƙwasa, gefen da ya matse yakan ɗan yi ɗumi, gefen da ya miƙe ya ɗan yi sanyi, zafi ya ratsa daga wannan zuwa wancan, ƙarfin motsi ya salwanta. Sai dai silika tana da wani baƙon hali: in ta yi ɗumi ƙara tauri take yi, saɓanin yawancin abubuwa. A 2002 Gianpietro Cagnoli da Phil Willems suka nuna cewa akwai wani mizanin ja, kusan megafaskal 200, inda kumburar zafi da wannan ƙarin tauri ke kashe juna. Kaurin milimita 0.8 a ƙarƙashin kilo 10 shi ke ba da wannan mizani daidai.

Sirantar tsakiya kuma aiki biyu take yi. Madubi yakan yi ɗan tsalle sama da ƙasa a kan zarurrukansa, kuma siririn zare yana sauko da wannan tsalle zuwa ƙasa da sau 10 a daƙiƙa, wato gefen filin sauraro. Zaren kansa kuma, da yake a ɗaure yake tamau, yana da muryarsa, kusan kaɗawa 500 a daƙiƙa, kuma siranta tana tura wannan murya sama. Idan girgizar ƙasa ta tayar da ita, takan yi kwanaki ba ta kwanta ba, sai an bi ta da na'ura an kwantar.

Haɗa gilashi da gilashi

Zare mai kyau ba shi da amfani in an ɗaure shi da maƙalin ƙarfe ko an liƙa shi da gam, domin asarar da aka kora ta ƙofa za ta dawo ta taga. Shi ya sa ake liƙa wa madubin wasu ƙananan gutsattsarin silika a gefensa biyu, waɗanda masu aikin ke kira kunnuwa. Akan ɗiga ɗan ruwan sinadarin sodiyam silikat a tsakanin fuskoki biyu da aka goge sumul, a haɗa su, a bar su kimanin mako huɗu. Ruwan yakan ci fatar gilashin kaɗan, sannan in ya bushe ya bar sarƙar silika da ta ɗinke su, mai kaurin da bai kai nanomita 100 ba. Jason Gwo ne ya ƙirƙiro dabarar a Jami'ar Stanford domin tauraron ɗan'adam na Gravity Probe B, mutanen Glasgow suka ɗauko ta.

Kowane kunne yana da ƙahoni biyu, a jikinsu ake yi wa zare walda da leza, ana zuƙe tururin silikar da ke tashi don kada ya sauka a kan zaren ko fuskar madubin. In an gama, daga dunƙulen hawa na uku har madubin ya zama gilashi ɗaya.

Darasin Virgo

Na'urar Virgo tana Cascina kusa da Pisa a Italiya, hannunta kilomita 3. Lokacin da ake sabunta ta, wajen 2016, sai zarurrukan gilashinta suka riƙa tsinkewa bayan an rufe su a cikin tankunan da ake zuƙe wa iska. An daɗe ana neman dalili. Daga ƙarshe aka gano ƙura ce daga bututun zuƙe iska da mayar da ita: iskar takan kwaso ƙwayar ƙura da gudu ta harbi zaren, ta bar masa tabon da ido ba ya gani, tabon ya zama tsaga. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Don kada a bar su a baya, masu aikin Virgo suka mayar da wayar ƙarfe na wucin gadi, suka shiga sauraro tare da LIGO ranar 1 ga Agusta 2017. Da wannan waya Virgo ta taimaka aka gano wurin da wasu taurarin niyutiron biyu suka haɗe ranar 17 ga Agusta. Bayan wannan zangon sauraro suka gyara hanyoyin iskar, suka sa wa zarurrukan garkuwa, suka mayar da gilashi. Abin lura a nan shi ne, ƙarfin zare ba a wurin jansa kaɗai yake ba, ya haɗa da tsaftar duk inda zai zauna.

Inda aikin ya dosa

Me ake nema da ƙarin kyautatawa? Idan jin na'ura ya ninka sau 2, nisan da take kaiwa ya ninka sau 2, girman sararin da take saurare kuma ya ninka sau 8. Ban da haka, mafi yawan labarin yana can ɓangaren jinkiri, kaɗawa 10 a daƙiƙa zuwa ƙasa. Haɗuwar taurarin 17 ga Agusta kimanin daƙiƙa 100 aka ji ta. Da na'ura tana jin wannan ɓangare na jinkiri, da an ji su tun da sauran awanni, an sanar da masu madubin hangen nesa su juya su jira. Manyan baƙaƙen ramuka ma a can suke: haɗuwar da aka ji ranar 21 ga Mayu 2019, wadda ta haifar da rami mai nauyin rana kusan 142, kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kawai aka kama daga cikinta.

Hanya uku ake bi, kuma a ɗaure suke da juna. Ta farko ƙara nauyin madubi, domin mai nauyi ya fi wuyar girgizawa. Ana shirin kai madubin LIGO kilo 100, na'urar Cosmic Explorer da Amurka ke tsarawa mai hannun kilomita 40 kuma ana maganar kilo 320. Ta biyu ƙara tsawon zare, wanda ke rage rawar zafi ya kuma sauko da tsallen madubi. Amma dogon zare muryarsa takan sauko cikin filin sauraro, sai hanya ta uku ta zama dole, wato ƙara masa ja. Ƙarin ja kuwa yana cin ratar da ke tsakanin nauyin aiki da nauyin tsinkewa. Saboda haka ake sa kyamara ta riƙa duban hasken wurin da ke narkewa tana daidaita ƙarfin lezar, don kada zafi ya yi hawa da sauka ya bar wa zaren wurin rauni. Ana kuma binciken yadda damshin iska ke cin gilashin da ke ƙarƙashin ja a hankali har ya tsinke, domin zare yakan yi kwanaki a iska kafin a rufe tanki. A Glasgow an riga an rataya kilo 160 a kan zarurruka huɗu masu tsawon mita 1.2, a ja na kusan megafaskal 1200.

Wasu kuma sun zaɓi su kashe zafin gaba ɗaya. A nan silika ba ta da rabo, domin in ta yi sanyi ƙwarai takan koma mai shanye motsi, kuma ba ta ratsar da zafi, alhali ta zaren ne kaɗai ɗumin da leza ke bari a madubi zai fita. Na'urar KAGRA da ke cikin dutsen Kamioka a Japan madubanta na safaya ne masu kilo 23, an tsara su su yi aiki a digiri 253 ƙasa da sifili, rataye da sandunan safaya masu kaurin milimita 1.6. Rigimar nan dai ba ta ƙare ba: fitar da zafi yana son kauri, natsuwa tana son siranta. Na'urar Einstein Telescope da Turai ke shirin ginawa a ƙarƙashin ƙasa ita ma tana nazarin silikon da safaya domin madubanta masu sanyi. Duk da haka, LIGO da Virgo da na'urar da gwamnatin Indiya ta amince a gina a jihar Maharashtra a 2023, dukansu a kan zaren silika suka dogara.

Kammalawa

Shugaban taro, lissafin Einstein ya yi shekara kusan ɗari yana jiran masu goge gilashi, masu walda da leza, masu share bututu da masu auna kaurin zare ɗaya bayan ɗaya. Ya ku ɗalibai, kada ku ɗauki kimiyyar kayan aiki da zaman ɗakin gwaji a matsayin ƙaramin fanni, kuma ku girmama ma'aikatan fasaha da ke sassanku, ku zauna kusa da su ku koya. Gwajin lilo da auna daɗewar amon abu ba sa bukatar kuɗi masu yawa, kuma su ne harsashin duk abin da na faɗa yau. Ina kuma kira ga hukumomin jami'o'inmu da su farfaɗo da ɗakunan ƙira da na sarrafa gilashi, su ɗauki ƙwararru, su biya su yadda ya kamata, domin babu binciken da zai tsaya da ƙafarsa a inda ba a iya ƙera kayan aunawa.